Rijiyar da Na'Allah Ya Rufe

Tsoron ya fara kama Na'Allah ne wata safiya da kaka, shekara bakwai bayan zuwan Nasara. Yana tsugune a ƙofar gida yana wasa gatari, ya ɗaga kai ya share gumi, sai ya hangi wani mutum bisa jaki can nesa, a kan hanyar da ke zuwa Isa. Mutumin bai yi komai ba, tafiyarsa kawai yake yi. Amma tun da aka kafa Tungar Atiku ba a taɓa tsayawa a cikinta an hangi wannan hanya ba. Tsakanin garin da hanyar akwai kurmin ƙaya wanda ko rana sai ta take tsaka take iya leƙa cikinsa. Yau ga haske ya ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, kamar tsohon zana da gara ta ci.

Gatarin ya suɓuce masa. Ya kira matarsa.

"Laraba, taho ki gani."

Ta fito da muciya a hannu, ta bi yatsansa da kallo.

"Mi za ni gani? Jaki ne da mai shi."

"In muna ganinai, shi ma shina ganinmu."

"To shi gan mu mana. Sata munka yi?" Ta yi dariya ta juya. "Yaƙi ya ƙare, mai gida. Kai kaɗai ne ba a ba labari ba."

Ya zauna a wurin har jakin ya ɓace. Ba mutumin yake tsoro ba. Abin da ya sanyaya masa jiki shi ne ya san daidai inda hasken nan ya bi, kuma bai wuce jifa biyu ba daga wani wuri da ba shi da ikon gaya wa kowa.

Gidansu Na'Allah masu ƙaya ake ce musu. A zamanin da wannan yanki na Gobir yake tsakanin masu neman juna, ƙauye ba ya tambayar doki daga ina ya fito, arewa ko kudu. In an ji kofato, gudu ake yi. Tungar Atiku, da ke tsakanin Gangara da gulbi, ba ta da ganuwa. Kurmi ne ganuwarta, kuma ba haka kawai ya tsiro ba, renonsa aka yi. Kowace damina ubansa Maliki yakan shiga ya lanƙwasa rassan sarƙaƙiya ya saƙa su da na gumbi, ya dasa inda ya yi sarari, ya toshe hanyar bara ya buɗe sabuwa. Yakan kuma gyara hanyoyin ƙarya, masu faɗi da kyau a baki, waɗanda ke ƙuntata a hankali har doki ya kasa gaba ya kasa juyawa. Ba mai sara a kurmin. Mace in ta karya ko busasshen reshe a bakinsa sai maganar ta kai zauren mai gari. Da kaka kowane gida yakan aika wa masu ƙaya damin gero, ba mai jiran a tuna masa.

A tsakiyar kurmin akwai wani fili da ake kira Cibiya, inda gari duka ke ɓuya da dabbobinsa. Kusa da Cibiya akwai rijiya, kuma ba a barin ta buɗe. In an gama ɓuya an fita, sai a jera gumagumen ƙirya a bakinta, a shimfiɗa tabarma, a zuba ƙasa, a dasa ciyawa, har mutum ya taka ta bai sani ba. An ce a zamanin kakan Maliki wani ya saki baki a kasuwa, mahara suka lallaɓo da rani suka jefa mushen jaki a tsohuwar rijiya, da aka gudo ɓuya ƙishirwa ta kashe mutane fiye da yadda mashi ya kashe. Tun daga nan mutum ɗaya ne ke sanin wurin, sai magajinsa. Kowa ya sha ruwanta, amma an shigo da shi ne ta murɗaɗɗiyar hanya, a sunkuye, yana bin dugadugan na gabansa. In an fitar da shi ba ya iya cewa gabas take ko yamma.

Na'Allah yana da shekara goma aka yi ɓuyan ƙarshe, kwana goma sha ɗaya. A nan ya san Yero, ɗan wasu Fulani da suka shigo da shanunsu. Tabarma ɗaya aka ba su, suka yi dambe a kanta, suka zama abokai har tsufa. Yayarsa Saude kuwa ita ce mai ɗebo wa gidansu ruwa, sawu bakwai ko takwas a wuni, tulu a ka, ƙafa ba takalmi.

Shekarar da Nasara suka zo, Maliki ya riga ya fara tarin da zai tafi da shi. Ya ja ɗansa cikin kurmi suka sake wa rijiyar sababbin gumagumai, suka rufe ta da hannunsu, sannan ya nuna masa alamun. Itace biyar ne. Tsamiya mai rassa biyu a bakin kurmi. Ƙirya uku, kowace ba a hango ta sai an tsaya jikin wadda ta gabace ta. Sai kanya mai kogo. A jingina baya ga kanyar, a fuskanci ƙirya ta ƙarshe, a yi taki goma sha bakwai. Da suka dawo gida ya sa shi ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani.

"Ba ka nuna su da yatsa," in ji tsohon. "Ba ka zama inuwarsu fiye da yadda kaka zama inuwar wasu. In anka tambaye ka, icce duk icce ne."

"Baba, ai an ce Nasara ya hana yaƙi."

"Wanda ya zo shina iya tahiya. Kai dai riƙe."

Da Maliki ya rasu, Saude ta zo zaman makoki daga gidan mijinta can arewa, bayan Tsibiri. Ranar da za ta koma ta iske ƙanenta tsaye yana kallon kan itatuwa, bakinsa na motsi.

"Kai da Baba duk ɗaya kuke," ta ce. "Kai sama kuna ƙirgar icce awa masu neman zuma. Ni ko ido rufe za ni kai ka bakinta. Ƙasa nika kallo, ƙaya ta koya mini. Akwai inda in ka taka..."

"Yi shiru, Yaya! Ba a hwaɗi."

"To, malam mai asiri. Riƙe abinka." Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Bayan 'yan shekaru Turawa suka ja iyaka tsakanin ƙasar Ingilishi da ta Faransa, garin mijinta ya faɗa wancan gefe.

Zaman lafiya da gatari ya shigo. Da farko a baki-baki ake sara, ana sara ana waiwaye. Da aka ga shekara ta zagayo ba a ji kofato ba, aka daina waiwayen. Haraji ya zo, kowa yana bukatar ƙarin gona. Mutane suka riƙa tsallakowa daga ƙasar Faransa da iyalinsu, suna gudun aikin dole, kowane ya zo sai mai gari ya yanka masa wuri, shi kuma ya sa wuta ya share. Ba wanda ya yi mugunta a cikinsu. Mutanen da suka tashi a matse ne cikin ƙaya, yau suka ga fili. Damin geron masu ƙaya ya ragu, sannan ya tsaya. Na'Allah ya koma noma, da rani kuma yana yi wa mutane shingen gona da ƙayar da ubansa ya rena.

Shekara uku bayan safiyar nan ta jaki, mai gari Ɗanmusa ya aika a kira shi. Sa'o'in juna ne, tare aka yi musu kaciya. Zauren cike yake da baƙi, fuskokin da Na'Allah bai sani ba.

"Na'Allah, gobe za ni raba cikin kurmi ga mutanen ga. Kai ka san shi ciki da bai. In akwai iccen da ba ka so a taɓa, hwaɗa mini in hana."

Na'Allah ya dubi baƙin. In ya ce ƙirya uku da kanya, ya zana musu hanya ke nan a ƙasa. Wa ya san wanda zai koma arewa gobe da labari a bakinsa?

"Ranka shi daɗe, icce duk icce ne."

"To zaɓi gona can ciki. Ka hi kowa haƙƙi."

Ya zaɓa, amma can yamma, nesa da kanyar, don kada wani ya yi tunanin me ya sa ya so nan. Yana fitowa daga zauren ya ji ya yi wayo. A ganinsa manomi ba ya sare ƙirya, ta fi ƙarfin gatarinsa, ba ya kuma sare kanya da tsamiya, tunda suna ba shi abin ci. Haka kuwa aka yi. Sarƙaƙiya ta tafi, gumbi ya tafi, Cibiya ta zama gonar gero, amma itatuwan biyar suka tsaya cikin gonaki kamar an dasa su. Kowane rani Na'Allah yakan ratsa ta wurin da sanda a kafaɗa, kansa ƙasa, yana ƙirgawa a zuci. Shekara goma sha uku yana haka.

Sai aka zo aikin hanyar mota tsakanin Isa da Sabon Birni. Aka ce kowane gari ya ba da mutane, aka sa da Na'Allah. Wata huɗu ya yi a can. Da aka ga ya fara manyanta ba a ba shi diga ba, aka haɗa shi da maƙera yana ɗauko musu gawayi, don kullum diga na karyewa, shebur na lanƙwashewa, wutar maƙera ba ta mutuwa. Maƙeri kuwa ba ya son kowane gawayi sai na ƙirya. Wata rana jakuna suka iso da buhuna, wani maƙeri ya damƙi gawayin ya ƙwanƙwasa shi ya ji ƙararsa, ya ce wannan na ƙwarai ne.

"Daga ina?" in ji Na'Allah.

"Tungar Atiku," in ji mai jakunan. "Wasu manya guda uku cikin gona. Kwana tara munka yi muna toyi, har saiwa munka tono. Akwai wata kanya ma kusa, ita anka yanka don gadar can gaba. Kai, tsoho, ɗauka mana, mi kaka kallo?"

Ya ɗauka. Da kansa ya kai buhun bakin zuga-zugi ya juye.

Da aka sallame su bai shiga gida ba sai da ya bi ta wurin. Tsamiya ce kaɗai tsaye. Masu gona sun cike ramukan toyi sun yi huɗa a kai, iska ta kawo yashi ta shafe sauran. Ya jingina da tsamiyar ya fara tafiya, yana jin ƙafarsa za ta tuna. Ƙafar ba ta tuna ba. Hanyar da ta sani ƙaya ce ke juya ta, nan a sunkuya, nan a karkata. A fili ko'ina ɗaya ne. Ya yi gaba, ya dawo, ya sake. Rani uku yana zuwa da sandar ƙarfe yana caka ƙasa, in an tambaye shi ya ce gafiya yake nema. Ya caka wuri ya fi dubu, ƙarfen bai taɓa cin karo da itace ba.

Bai gaya wa kowa ba, har Laraba. Da can rantsuwa ce ta hana shi faɗin inda take. Yanzu kunya ce ta hana shi faɗin bai sani ba.

Garin kuwa ya kwanta a kan maganar ɓoyayyiyar rijiyar. Rijiyoyinsu biyu kowace shekara sai an ƙara wa guga igiya. Fadamar da ke riƙe ruwa har bazara ta koma bushewa tun tsakiyar rani. Yashi ya fara hawa katangun gefen arewa. Amma in mata sun taru a bakin rijiya suna jiran ruwa ya tsatso, sai wata ta ce, "In ta ɓaci, ai Na'Allah na nan," a yi dariya, hankali ya kwanta. Amaren da aka kawo daga wasu garuruwa ma an gaya musu. Wasu Fulani sun ƙi tashi daga yankin saboda ita. Shi kuma in ya wuce an tsokane shi, sai ya yi murmushi ya ƙara sauri. Ɗansa Amiru ya girma, ya yi aure, ya haihu. Lokaci-lokaci yakan ce, "Baba, yaushe za ka nuna mini?" Ya ce, "Da saura."

Sannan Turawa suka kama yaƙi da juna. Aka ce Faransawan da ke bayan iyaka sun koma abokan gaban Ingilishi. Aka rufe iyaka, aka ga soja cikin mota a hanyar da Na'Allah ya yi wa dakon gawayi. Aka aiko cewa a shuka gyaɗa da yawa, yaƙi na bukata. Ɗan ragowar kurmin da ya saura a bakin gulbi aka share shi don gyaɗa, manyan itatuwansa aka kwashe zuwa sansanin soja. Ranar da ake ƙona shi Na'Allah da Yero suna zaune bisa tudu suna kallon hayaƙin. Dukansu sun yi furfura.

"Yaƙin dauri ya tsare icce," in ji Na'Allah. "Wanga ci shika yi."

"Ku Haɓe ba ku da magana," in ji Yero. "Da yaƙi da lahiya duk gatari na hannunku. Saniyata jiya inuwar ɗan'uwanta ta laɓe, don ba ta samu ta icce ba."

"Wa ka sassabe gawo shi ba shanu?"

"Reshe nika yankewa, Kaɗo, ba wuya ba." Sannan ya ce, "In sojan can sunka tsallako, ina za mu shiga?"

Na'Allah ya dubi filin. Daga inda suke ana ganin garin duka, har da kajin da ke tsakar gida.

Sojan ba su tsallako ba. Damina ce ta ɗauke da wuri. Gero ya tsaya bai yi ido ba, gyaɗar ta ƙone a ƙasa. Wata uku bayan kaka rijiya ta farko ta ƙafe, ta biyu ta koma ba da laka. Mata suka riƙa fita tun asuba zuwa gulbi, su tona yashi tsawon hannu biyu su jira, su dawo bayan azahar da rabin tulu. Shanun Yero suka fara kwanciya ba tashi.

Da hantsi suka zo, ranar wata Alhamis. Ɗanmusa a gaba, dattawa a baya, samari da igiyoyi da gugar fata sababbi. Har goro sun riƙo masa. Amiru na cikinsu, fuskarsa a sake, don yau zai gani.

"Lokaci ya yi, Na'Allah," in ji Ɗanmusa. "Buɗe muna."

Na'Allah yana zaune bisa buzu. Ya dubi goron da aka ajiye gabansa.

"Ba ni san inda take ba."

Aka yi dariya. Wani dattijo ya ce, "Bar wanga, Na'Allah. Mun tambayi Liman, ya ce rantsuwa ba ta hana ceton rai. In kaffara ce gari duka za shi yi maka."

"Ba rantsuwa ba ce. Icce biyar ne alama. Huɗu sun tahi shekarar hanya. Na nema, ba ni samu ba."

Dariyar ta mutu a hankali, daga na gaba zuwa na baya. Wani saurayi ya sauke igiyar da ke kafaɗarsa.

"Shekarar hanya," in ji Amiru. "Baba, shekara goma sha shida ke nan."

Ɗanmusa ya dubi Na'Allah. Da ya yi magana muryarsa ƙasa take.

"Na tambaye ka. Cikin zaurena, gaban mutane, na tambaye ka."

"Ka tambaye ni."

"Ka ce icce duk icce ne."

"Na ce."

A bayan zana aka ji ƙwarya ta faɗi. Laraba ce. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga murya. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya, suka bar goron a wurin.

Washegari Amiru ya zo da diga bai gai da ubansa ba, ya ce ya nuna inda zuciyarsa ta fi kwanciya. Ya nuna. Samari takwas suka share wurin suka tona faɗi, sannan zurfi, gaba shida, busasshiyar ƙasa. Ya nuna wani wuri, haka. A na uku, tun ba a yi nisa ba, diga ta fito da baƙi. Aka yi kabbara, mata suka fara guɗa, ana zaton gumagumen ne. Na'Allah ya durƙusa ya murza baƙin a tafinsa. Gawayi ne, tsohon ramin toyi. A nan ɗaya daga cikin ƙiryoyin ta tsaya. Amma ta farko ce, ko ta biyu, ko ta ƙarshe, bai iya cewa ba, kuma tsakanin kowace da 'yar'uwarta akwai tafiya.

A makon nan gida huɗu suka ɗaure kaya suka yi kudu. Ɗanmusa ya tara sauran ya ce ba zai riƙe mutane su mutu a hannunsa ba. In watan da ake ciki ya mutu ba a sami ruwa ba, zai sallami kowa, a rufe Tungar Atiku, kowa ya nemi inda danginsa suke.

A bakin ramin gawayin ne maganar Saude ta dawo masa, da yadda ya katse ta. Akwai inda in ka taka. Bai bar ta ta ƙarasa ba. Shekara uku ke nan rabonsa da labarinta, tun da aka rufe iyaka. Na ƙarshe da ya ji, tana da rai, ido ɗaya ya tafi, ɗayan yana bi.

Ya sami Yero a ruga yana fiɗar wata saniya da ta mutu da safe. Ya gaya masa.

"Za ni tahi in ɗauko ta," in ji Na'Allah.

"Kai? Da wanga gwiwa? Kahin ka kai iyaka an yi sallar layya." Yero ya goge wuƙar a fatar. "Kuma kai hanyar mutane ka sani. Hanyar mutane akwai masu bindiga. Ni ta shanu na sani."

"In sunka kama ka, aikin dole za su kai ka. An ce wasu ma harbi aka yi."

"Tsoho awa ni, mi za su yi da ni? Su ci da ni kawai, su yi hasara." Ya yi 'yar dariya, ba ta kai zuci ba. "Na sha ruwan rijiyar nan kwana goma sha ɗaya, Kaɗo. Sanyinai har yau na cikin haƙorina. Kwana biyu zuwa. Dawowa uku, tunda da tsohuwa. Bisa takarkari za ni aza ta."

"In ka wuce shida fa?"

"To ka ci gaba da tonon gafiyarka."

Ya tafi ranar Asabar bayan la'asar, da takarkari ɗaya da ya rage mai ƙarfi, da goran ruwa rabi.

Akwai abin da Na'Allah bai gaya wa Yero ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Ƙasar da Saude ta taka tana yarinya ƙasar inuwa ce, mai danshi, mai ganye a kai. Yanzu yashi ya hau ta kamu biyu a wasu wurare, an yi mata huɗa shekara talatin. Ko ta zo, bai san abin da tafin ƙafarta zai tarar ba. Kuma ya ga fadama ta bushe bayan gumbi ya tafi, ya ga rijiyoyin gari sun bi ta. Yana iya yiwuwa a sami gumagumen ƙiryar nan yadda ya jera su da ubansa, a ɗaga, a jefa dutse, a ji ya faɗi a kan ƙasa.

Tun ranar da Yero ya tafi, Na'Allah yake wuni a gindin tsamiya mai rassa biyu, wadda ya yi shekara arba'in yana wuce ta kamar bai san ta ba. Yanzu ba abin da zai ɓoye. Laraba takan kawo masa ɗan ruwan laka a moɗa ta ajiye ta koma. Amiru da samari uku da suka rage suna ta tono kewaye da ramin gawayi, taki goma sha bakwai ta kowace fuska, ko Allah zai sa ƙirya ta ƙarshe ce. Daga gindin tsamiyar ana hangen arewa har inda ido ya gaza, ba abin da ke tare shi. Duk ɗigon da ya ɓullo sai ya miƙe ya kare ido da hannu, ya bi shi da kallo har ya zama mutum, ya zama wani.

Ranar kwana na bakwai wani ɗan koli daga Sabon Birni ya ce ya ji an tsare mutum biyu da sa a bakin iyaka. Da aka matsa masa ya ce bai sani ba ko akwai tsohuwa a ciki, shi ma a kasuwa ya ji. Ɗanmusa ya aika mutum ya bincika, ya dawo bai sami wanda ya gani da idonsa ba.

Yau kwana tara da tafiyar Yero. Saura kwana shida wata ya mutu. Gida biyu sun ƙara tashi jiya. Ba a ga Yero ba, ba a ga Saude ba, kuma ba a sami tabbataccen labarinsu ba.